Yadda Ake Zaɓen Mazaunin Kan Bishiya Don Dakon Barewa a Amurka

A gabashi da tsakiyar Amurka, da kudancin Kanada, farautar barewa mai farar wutsiya yawancinta dako ce. Akwai masu bin sawu, akwai masu kora, amma mafi yawan maharba bishiya suke hawa tun gari bai waye ba, su zauna tsit a kan wani ɗan mazauni na ƙarfe da aka ɗaure a jikin itace, suna jiran barewa ta biyo hanyar da ta saba. Daga sama kana hangen abin da ciyawa da ƙananan itatuwa za su ɓoye maka in kana ƙasa, ba ka cikin saitin idon dabbar, kuma harbinka ƙasa yake nufa, in ka kuskure harsashi ko kibiya cikin turɓaya za su nutse.

Wanda ya taso a ƙasar Hausa ba zai ga wannan baƙon abu ba, don maharbanmu sun daɗe suna dako a kan reshe kusa da mashaya. Bambancin shi ne a Amurka masana'antu ne ke ƙera mazaunin, iri-iri, kuma hukuma ta kewaye amfani da shi da dokoki. Shi ya sa sabon shiga, in ya leƙa manyan shaguna irin Cabela's ko Bass Pro Shops, kansa yakan ɗaure. Da yawa sukan sayi wanda ya fi ɗaukar ido, su je daji su tarar babu bishiya ko ɗaya da za ta karɓe shi. Ni a ganina shago shi ne zango na ƙarshe. Filin da za ka shiga, da bishiyoyin da ke cikinsa, da jikinka, su ne ke yin zaɓen, kai dai naka ka bi su a jere.

Mataki na farko: filin na wane ne?

Amsar wannan tambaya kaɗai takan zubar da rabin kayan da ke shago. Idan gona ce ko daji na wani mutum da ya ba ka izini, kana iya kafa mazauni mai nauyi tun watan Agusta ka bar shi har ƙarshen lokacin farauta. Ka dai nemi izinin a rubuce, ka kuma tambaye shi ƙarara ko ya yarda ka sare ƙananan rassa. Katako dukiya ce a wurin masu filaye da yawa, kuma ƙusa ɗaya da ta nutse a cikin gungume tana iya lalata zarton masu tsaga katako bayan shekaru.

Filin gwamnati kuwa kowace jiha da tata dokar. A wurare da yawa an haramta buga ƙusa ko murɗa matakala mai dunƙulen ƙarfe a jikin bishiya mai rai. A jihar Mishigan ba a kafa mazauni a filin gwamnati kafin 1 ga Satumba, kuma dole a cire shi kafin 1 ga Maris ta wuce, sannan a rubuta shaidar mai shi a jiki yadda za a iya karantawa daga ƙasa. A filayen farauta na jihar Fensilbeniya, makonni biyu kafin buɗe lokacin barewa ake yarda ka kafa, makonni biyu bayan rufewa ka cire, shi ma da alamar mai shi a maƙale. Wasu wuraren ma ba a yarda mazauni ya kwana a daji ba. Dokokin nan suna canzawa, don haka ka karanta ɗan littafin dokokin farauta na wannan shekarar, wanda hukumar namun daji ta jiharka ke fitarwa. Kuma ka sani, rataye mazauninka a bishiyar gwamnati bai mai da wurin naka ba. Kana iya zuwa da asuba ka tarar wani ya riga ka zama a gefen wurin, kuma ba ka da ta cewa. Sata ma tana faruwa. Saboda haka mai farauta a filin gwamnati yawanci abin da zai goya ya shiga da shi, ya fito da shi a ranar, shi ne nasa.

Mataki na biyu: je ka kalli bishiyoyin da idonka

Gani ya kori ji. Ka taka dajin tun kafin lokaci, ka nemo inda barewa ke bi: turbar da suka daddale tsakanin makwanci da wurin kiwo, kashinsu, inda namiji ya goge ƙahonsa a jikin ƙaramin itace, inda ya tone ƙasa ƙarƙashin wani reshe, gindin bishiyar ok da ke zubar da 'ya'ya a kaka. Idan ka sami wurin, sai ka tsaya ka dubi bishiyoyin da ke cikin tazarar harbinka, yadi 20 zuwa 30 ga mai baka. Su ne za ka hau, ba waɗanda ke cikin hoton talla ba.

Miƙaƙƙu ne ko karkatattu? Rassa sun fara tun daga ƙasa, ko gangar jikin fayau take har sama? Kaurinsu fa? A gonakin bishiyar fayin na jihohin Jojiya da Alabama bishiyoyi a jere suke, miƙaƙƙu, babu reshe sai can sama. A gefen gonakin masara da waken soya na Ayowa da Ohayo kuwa za ka fi haɗuwa da ok mai rassa ko'ina, ko bishiyar da ta rabu biyu tun daga ƙugu. A kudancin Teksas ma sau da yawa babu bishiyar hawa sam, sai gajerun itatuwan maskit masu ƙaya.

Wani gargaɗi tun a nan: bishiyar da za ka hau ta zama mai rai, lafiyayya. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai busassun rassa a sama, ka dubi gindi ko akwai rami ko naman gwari. Ka kula ƙwarai da bishiyar ash. Wani ƙwaro mai launin kore da aka fara ganowa kusa da birnin Detroit a 2002 ya kashe miliyoyinsu a jihohi da dama, kuma matacciyar ash takan tsaya cak kamar ƙalau alhali ta yi gautsi. A ƙarshen kaka, bayan duk ganye ya zube, bambance mai rai da matacciya yana da wuya, shi ya sa zaɓen bishiya tun da ganye a kai ya fi.

Mataki na uku: san ire-iren mazaunin

Mai tsani. Wannan tsani ne na ƙarfe da kujera a ƙarshensa, ana jingina shi da bishiya a ɗaure. Tsayinsa yawanci ƙafa 15 zuwa 20, wato mita huɗu da rabi zuwa shida. Shi ya fi sauƙin hawa, shi ya fi kwantar da hankalin mai tsoron tsayi, kuma da yawa suna da sandar ƙarfe a gaba da ake ɗora bindiga. Akwai na mutum biyu, wanda ya dace da uban da ke son koya wa ɗansa. Illarsa nauyi. Na mutum ɗaya yakan wuce kilo 20, na mutum biyu kuwa yakan haura 40, ga shi gunduwa-gunduwa ake haɗa shi. Da zarar ka kafa, ka kafa ke nan. In barewa suka sauya hanya, ko iska ta juya, kai ne za ka haƙura. Haɗarinsa mafi girma ranar kafawa da ranar cirewa yake, don a lokacin saman bai ɗauru da bishiya ba. Ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan kaya, TMA, mutum uku take cewa su yi aikin. Ƙafafun su zauna a ƙasa mai tauri, a kafa sandar tokara ta tsakiya, a zagaya dogayen igiyoyin nan biyu ta bayan bishiya a gicciye a ɗaure su tam, sannan wani ya hau ya ƙarasa ɗaurin sama. Idan filin na mutum ne kuma ka san mashigar da barewa ke bi kowace shekara, da wuya ka sami abin da ya fi wannan.

Mai hawa da kai. Kashi biyu ne, wurin zama a sama da matakin ƙafa a ƙasa, kowanne da waya ko bel da ke zagaye bishiya da haƙora masu cizon ɓawo. Kana fuskantar bishiya, ka ɗaga na sama ka danne shi da nauyinka, ka jawo na ƙasa da ƙafafunka ka taka shi ya kama, haka har ka kai inda kake so. Ba ka bukatar tsani ko sanduna, ka goya shi kawai. Na alminiyam, kamar Summit Viper da ya yi suna, kusan kilo 9 ne, na baƙin ƙarfe ya fi haka nauyi da 'yan kilo. Kujerarsa tana da daɗin zama, mutum na iya wuni a kai. Sai dai yana da zaɓen bishiya: miƙaƙƙiya, babu reshe tun daga ƙasa har inda za ka tsaya, kauri inci 8 zuwa 20 a yawancin samfura. Ɓawo mai santsi da tauri irin na bishiyar bich ba ya ba haƙoran wurin kamu, ɓawo mai ɓarewa irin na wani nau'in hikori ƙara yake yi kuma yana zamewa, bishiyar da ƙanƙara ta lulluɓe kuwa kar ma ka fara. Abubuwa biyu ne masu koyo ke mantawa. Na ɗaya, bishiya tana sirancewa in ana yin sama, don haka a ƙasa za ka ɗaura shi bakinsa ya ɗan ɗaga sama, ta yadda in ka kai ƙafa 18 zai daidaita. In ka daidaita shi tun a ƙasa, a sama zai sunkuya, kuma gyara wayar matakin da kake tsaye a kai a sama ganganci ne. Na biyu, dole kashi biyun su kasance a haɗe da igiya, don in matakin ƙafa ya suɓuce ya gangara gindin bishiya, kai kuma ka zauna a sama ba hanyar sauka. A dajin fayin na kudu wannan mazauni sarki ne. A dajin ok mai rassa kuwa zai sa ka riƙa farautar bishiya maimakon barewa, ka zauna inda mazaunin ya yarda, ba inda dabba ke wucewa ba.

Na ratayawa. Ɗan dandamali ne da ƙaramar kujera, ana ɗaure shi da bel ko sarƙa a duk tsayin da ka ga dama. Hawa kuwa da sanduna masu matakala ake yi, kowacce da nata maɗaurin, uku ko huɗu su kai ka wajen ƙafa 15 zuwa 20. Idan aka ce in zaɓi guda ɗaya tak da zai yi aiki a kusan kowane daji, wannan zan ɗauka. Karkatacciyar bishiya, mai rassa, mai kai biyu, duk yana shiga, kuma nagari suna da wurin daidaita dandamali da kujera in bishiyar ta karkace. Rassan da ke hana mai hawa da kai aiki, a nan su ne ke ɓoye ka. Nauyinsa ya bambanta sosai, daga ƙasa da kilo 5 zuwa 10 ko fiye, ban da sanduna. Kamfanin Lone Wolf ya yi suna da dandamalin alminiyam na zubi wanda ba ya ƙara, Millennium kuwa da kujerar raga mai daɗin zama. Kuɗin da za ka biya shi ne gumi da ƙwarewa, domin rataya shi yana nufin ka tsaya a kan sanda a sama kana aiki da hannu biyu. Wannan ba ya yiwuwa cikin aminci sai da igiyar ƙugu da ke zagaye bishiya, irin ta ma'aikatan lantarki masu hawa falwaya. Ka sa sandar ƙarshe ta wuce tsayin dandamali, yadda za ka taka ƙasa-ƙasa zuwa tsakiyarsa, maimakon ka yi ta jan jiki sama ka faɗa a gefensa. Wasu masu fili sukan rataye biyar ko shida a wurare daban-daban, kowanne don irin tasa iskar.

Sirdi. Wannan ba kujera ba ce, wani ɗan wando ne na bel da ƙyalle mai ƙarfi da kake sawa a ƙugu. Ka hau da sanduna, ka ɗaure igiya a bishiya daidai goshinka ko sama kaɗan, ka maƙala sirdin, ka jingina baya kana fuskantar bishiyar, ƙafafunka a kan ɗan ƙaramin dandamali. Tsohuwar dabara ce. John Eberhart na Mishigan ya yi shekaru da dama yana farauta da ita kafin ta zama yayi, sannan kamfanoni irin Tethrd suka yaɗa ta a 'yan shekarun nan. Shi ya fi komai rashin nauyi, kana ɗaure tun daga ƙasa har ka sauko, gangar bishiyar tana tsakaninka da barewa, kuma kana iya zagayawa ka yi harbi kusan ta kowane gefe. Ga wanda zai yi tafiyar kilomita biyu ko uku cikin fadama a filin gwamnati, babu kamarsa. Amma kar yayi ya ruɗe ka. Yana matse ƙugu har sai ka gano daidai tsayin igiyarka, gwiwa tana gogar bishiya sai ka sa mata kariya, harbi ta gefen da bai dace da hannunka ba sai da horo, kuma in ka haɗa kuɗin sirdi da igiyoyi da dandamali da sanduna marasa nauyi, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ba shi zan miƙa wa wanda bai taɓa hawa bishiya ba.

Mai ƙafa uku da ɗakin hasumiya. Su na inda babu bishiya ne. A Teksas, inda sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙasa mallakar mutane ce, su ake gani ko'ina. Suna da nauyi, sai da mota, kuma dole a ɗaure su da turaku saboda iska.

Kar kuma ka raina ƙasa. Tantin ɓuya da ake kafawa a ƙasa yana kashe barewa kowace shekara. Mai ciwon gwiwa, mai jiri, mai shan maganin da ke sa barci, duk ƙasa ta fi musu, kuma babu abin kunya a ciki.

Mataki na huɗu: auna jikinka da makaminka

Kowane mazauni yana da iyakar nauyi a rubuce. Yawanci laba 300 ne, wato kilo 136, wasu 350. Lissafin ya haɗa da kai da duk abin da ke jikinka: rigunan sanyi, takalma, jaka, bindiga, ruwan sha. Ka hau sikeli da kayan gaba ɗaya, ka bar rata mai kyau tsakaninka da iyakar.

Sai faɗin dandamali. Mai manyan takalman sanyi a kan ƙaramin dandamali ba zai iya juyawa ba sai da ƙara. Sai kuma tsawon zaman da kake nufi. A watan Nuwamba, lokacin barbara a jihohin arewa, mazan barewa suna yawo ko da tsakar rana, maharba sukan zauna daga asuba har faɗuwar rana. Kujerar da ke cizon cinya bayan awa biyu za ta sa ka yi ta mutsu-mutsu, kuma motsi ne ke tona asirin mai dako. In zaman yamma ne kawai na awa uku, kana iya sadaukar da jin daɗi don rage nauyi.

Makami ma yana da tasa. Sandar gaba da ke taimakon mai bindiga ita ce ke tare wa mai baka hanya, don ƙasan bakan zai buge ta. Mai baka ya nemi mazauni mai buɗaɗɗen gaba, wanda kujerarsa ke naɗewa shiru in zai miƙe. Mai baka mai kunama, wanda ake riƙewa kamar bindiga, ya tuna cewa fikafikan bakan suna buɗewa gefe da ƙarfi, kar su sami bishiya ko ƙarfe kusa.

Mataki na biyar: ɗamarar tsaro da igiya, kafin mazaunin kansa

A nan nake so ka fi natsuwa. A jihohi da yawa faɗowa daga bishiya ya fi harbin kuskure jikkata masu farautar barewa, kuma raunin ba na wasa ba ne: karayar ƙashin baya, na ƙugu, shanyewar jiki, mutuwa. Yawancin faɗuwar kuma ba a zaune take faruwa ba. Wajen hawa ne, ko sauka, ko wannan taku ɗaya tsakanin tsani da dandamali, cikin duhu, da sanyi a yatsu da laka a takalmi. Mutumin da sai ya kai sama sannan yake maƙala igiyarsa ya bar kansa a buɗe daidai lokacin da haɗarin ya fi yawa.

Ɗamarar ta zama mai kama jiki gaba ɗaya, kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Tsohon bel ɗin ƙugu guda ɗaya an daina shi, domin yana iya kifar da mutum kai ƙasa ko ya matse masa numfashi. Tun 2004 kamfanonin da ke cikin TMA suke saka cikakkiyar ɗamara a kwalin kowane mazauni. Tana aiki, amma da yawa suna da wuyar sawa cikin duhu, kuma ɗamarar da ke ba ka haushi a mota za ka bar ta. Ka ƙara kuɗi ka sayi wadda ta zauna maka daidai a kan rigunan sanyi. Tana da wa'adi, galibi shekara biyar, ka duba takardar da ke jikinta. Wadda ta taɓa tare faɗuwa kuwa ta gama aikinta.

Ga mai tsani da na ratayawa da za su zauna a wuri ɗaya, ka ɗaura doguwar igiyar tsaro daga saman kanka har gindin bishiya, da ƙullin Prusik a jikinta. Ƙulli ne da ke zamewa in ka tura shi da hannu, amma ya cije igiyar nan take in nauyi ya faɗa masa. Ka maƙala tun ƙafarka tana ƙasa, ka riƙa tura shi sama kana hawa. Mai amfani da mazauni mai hawa da kai kuwa, maɗaurin bishiya yake ɗaurawa tun daga ƙasa yana matsar da shi sama a kowane taku. In ka zauna, maɗaurin ya kasance sama da kanka, ba sako-sako ba, yadda ko ka zame ba za ka wuce dandamali da nisa ba.

Idan ka faɗi ɗamara ta riƙe ka, aikin bai ƙare ba. Reto a cikin ɗamara yana tara jini a ƙafafu, mutum na iya suma, kuma hakan na iya kashewa. Ka yi ƙoƙarin komawa kan dandamali ko sanda nan da nan. In ya gagara, ka fito da ɗan bel ɗin takawa da ke zuwa da ɗamarar, ka sa ƙafa ka miƙe a kansa, ka riƙa motsa ƙafafu. Waya da usur su kasance a aljihun ƙirji, ba cikin jakar da ke rataye a reshe ba. Kuma wani a gida ya san daidai bishiyar da kake da lokacin da za ka dawo.

Ba a hawa da makami a hannu ko a kafaɗa. Ka cire harsashi, ka ɗaure bindiga da siririyar igiya bakinta yana kallon ƙasa ba tare da ya cusa cikin laka ba, sai ka zauna ka ɗaure sannan ka jawo ta. Wajen hawa kuma, gaɓoɓi uku cikin huɗu su kasance a riƙe da wani abu kowane lokaci.

Mataki na shida: yanzu ka shiga shago

Ka nemi shaidar cewa an gwada samfurin bisa ƙa'idojin TMA. Ka zauna a kai in sun kafa na gwaji, ka juya, ka miƙe, ka saurara. Ƙarfe mai ƙara a shago mai ɗumi zai ninka ƙararsa a safiyar da ruwa ya daskare. Alminiyam ya fi tsada, ba ya tsatsa, ba shi da nauyi. Baƙin ƙarfe ya fi araha, ya dace da abin da za a kafa a bari. Araha ba ta ado, amma mazauni mai sauƙin kuɗi da aka gwada, tare da ɗamara mai kyau, ya fi mai tsada da ba a bar kuɗin igiya ba.

Na hannu kuwa sai da ido sosai. Ka duba walda ko ta tsage, ka duba ƙusoshi da notuna, ka lanƙwasa wayoyin da ke riƙe dandamali ka ga ko robar da ta rufe su ta fashe, domin tsatsa a ƙarƙashinta take ɓuya. Ka bincika shafin hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ko an taɓa janye samfurin daga kasuwa. Duk maɗauri da ya zo da shi ka sauya da sabo daga kamfanin. Ɗamara ta hannu kar ka karɓa ko kyauta aka ba ka. Dandamalin katako da wani ya buga da ƙusa a bishiya shekarun baya, wanda za ka riƙa gani a tsofaffin dazuzzuka, kar ka taka shi.

Mataki na bakwai: gwaji a ƙasa, sannan kafawa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka ɗaura mazaunin a tsayin gwiwa a wata bishiya da rana tsaka, da wani a kusa. Ka hau, ka sauka, ka sake, har hannunka ya san kowane maɗauri ba sai ka kalla ba. Ka saki jikinka a cikin ɗamara a wannan tsayin don ka ji yadda take kamawa, ka gwada bel ɗin takawa. Daga nan ka maimaita da safar hannu da tocilar goshi, tunda haka za ka yi ranar gaske. Mai baka ya yi atisayen harbi daga sama, yana lanƙwasawa daga ƙugu maimakon sauke hannu kawai, in ba haka ba kibiya sama-sama za ta riƙa tafiya.

Wajen kafawa, iska ce gaba da komai. Hancin barewa ya fi idonta, kuma tsayi yana rage wari ne kawai, ba ya kawar da shi. Ka zauna ta inda iska za ta kwashe warinka daga turbar, ka kuma shigo ta hanyar da ba za ta ratsa makwancinsu ba. A ƙasa mai tudu da kwari, iska tana hawa sama in rana ta ɗumama ƙasa da safe, tana gangarowa da yamma in an fara sanyi, ka sa wannan a lissafi. Tsayin ƙafa 15 zuwa 20 ya isa a yawancin wurare. In ka wuce haka da yawa, kusurwar harbi tana tsananta, samun huhu biyu yana wuya, kuma dabbar da aka sama a huhu ɗaya tana iya yin nisa ta ɓace ta mutu a banza. Ka nemi rassa ko wata gangar bishiya a bayanka don kar ka fito fili a sararin sama. Mai harbi da dama ya juya mazaunin yadda barewa za ta ɓullo ta hagunsa, bahago kuma akasin haka. Rassan da za ka sare don buɗe hanyar harbi su zama kaɗan, kuma inda doka ta yarda.

Idan lokaci ya rufe, ka sauke komai, har wanda ke filin da ba mai hana ka bari. Bishiya tana ƙara kauri kowace shekara tana jan maɗauri, rana tana cinye zarensa, kurege yana gaigayarsa, ruwa yana shiga bututun ƙarfe ya daskare ya fasa shi daga ciki. Ka wanke laka, ka shafa mai marar wari a mahaɗai, ka sauya duk ƙusar da ta yi tsatsa da irin wadda kamfanin ya ƙayyade, ka ajiye ɗamara da igiyoyi a busasshen wuri nesa da rana da fetur. Kafin ka sake ratayawa a watan Satumba, ka bi kowane maɗauri da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, wanda ya koɗe ko ya fara zare ka yanka shi biyu ka jefar don kar wani ya tsinta ya yi amfani da shi.